Imel ɗin Na'Allah Ya Rasu Ba Shaida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Alhaji Na'Allah, dillalin riɗi a Tambuwal, na sanar da rasuwar adireshin imel na kamfaninsa, bayan shekara tara yana aike bai taɓa neman kuɗin mota ba.

Marigayin mai riƙon amana ne. Wasiƙa in ta shigo, "ƙilin" ɗaya yakan yi, ya yi shiru. Ta bakinsa riɗin manoman Kebbe ya san hanyar Legas.

Ciwon ajali ya faro ran da Alhaji ya shirya da Haliru mai gyaran kwamfuta, a kan buhun gero biyu, cewa a ɗauke marigayin daga tsohuwar na'urar shago a kai shi sabar haya, wato babbar na'urar ajiya ta intanet, wadda ake cewa kilawud. Haliru ya yi aikinsa. Sannan ya ce saura layi uku da za a rubuta a rajistar sunan kamfani: ɗaya ya nuna sabuwar sabar da izini take aike, ɗaya ya zama sa hannu, ɗaya ya faɗi yadda za a yi da wasiƙar jabu. In babu su, duniya za ta ɗauki marigayin baƙon da ba mai tsaya masa.

To, lambar sirrin rajistar na hannun Ɗangiwa, ƙanen Alhaji da ke Kebbe, wanda ba su ga maciji tun rabon gonar fadama. Alhaji ya ce ba ya gaida ƙane da fari, kuma imel mai ɗauke da sunansa ba ya buƙatar shaida. Sau fuɗu Haliru na tuni.

Marigayin bai yi raki ba. Kullum ya nuna saƙo ya tafi, ashe can kwandon shara ake zuba shi. Takardar farashin bana ta kwana ashirin a ciki, Alhaji na nan yana zagin mutanen Legas da girman kai. Da suka gaji da jira, suka sayi na wani dillali a Dogon Daji. Alhaji na shaida wa jama'a cewa ba Haliru ba ne, ba sabis ba ne. Shi Alhajin ne mai laifi.

Marigayin ya bar kwamfuta ɗaya, da firinta mai tari, da manoma talatin da riɗinsu ke jibge a ɗaka.

Za a rufe shi ranar Laraba a shagon Haliru. Kada a aiko ta'aziyya ta imel, amsar ba za ta iso gare ku ba. Zaman makoki a Kebbe ne, ƙofar gidan Ɗangiwa, inda Alhaji zai sauka daga babur ya yi sallama da fari.

Dillalin Dogon Daji ya samu kasuwa, Haliru ya ci geronsa da halal, Ɗangiwa zai samu gaisuwar da ya shekara shida yana jira. Manoman da ba su san an yi faɗan ba, su suka yi asara.