Yadda Za Ka Sauke Jirgi Idan Otofailot Ya Sake Ka a Gaban Suruki

Bi abin da zan gaya maka, na yi alkawari jirginka zai sauka. Ban ce a filin jirgi ba. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Gyaɗi-Gyaɗi, ni na saka wa matasan Tarauni manhajar koyon tuƙin jirgi a laftof ɗinsu, kuma ban taɓa shiga jirgin sama ba, shi ya sa ra'ayina bai gurɓata ba.

Misalinmu abokina ne Habila, malamin lissafi, wanda 'yan layinsu a Unguwar Gano ke kira Kyaftin saboda wannan manhaja. Yana neman auren Laraba. Mahaifinta Baba Stephen, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya gaji da jin Kyaftin-Kyaftin, sai ya aika masa ranar Lahadi bayan coci ya zo Darmanawa da jirgin nasa. Ni na riƙo wayoyi. Muka kafa laftof a tsakiyar falo, Baba ya ce, "To, kai ni Jos."

1. Kada ka kunna iska don burgewa

Manhajar tana da wurin saita yanayi. Mai hankali yakan zaɓi sama garau. Habila ya zaɓi hadari, ya murɗa gargadar iska har ƙarshe, saboda Laraba na leƙowa daga ƙofar kicin. In kai ma ka riga ka murɗa, wuce mataki na biyu.

2. In ƙararrawa ta tashi, yi kamar kai ka kira ta

Otofailot, wato na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta, ba ya son girgiza. Zai yi ta kokawar riƙe tsayin da ka ba shi, iska na cilla jirgin sama da ƙasa, in ya gaji sai ya sakar maka tuƙin ya fasa kuka. Kada fuskarka ta motsa.

Baba ya ajiye kofin shayi. "Habila, mene ne wannan?"

"Sanarwa ce, Baba. Haka yake yi in an wuce Saminaka."

3. Rage gudu, ka janye hannunka

Rage wuta kaɗan, daidaita fukafukai, bar jirgin ya hau ya sauka yadda iska ke so, sannan ka mayar da otofailot. Amma ka sani, da zarar sandar tuƙi ta motsa, yana ɗauka ka karɓi aikinsa ne, sai ya sake saki. Hannun Habila kuwa rawa yake yi. Ya danna otofailot, ya saki. Ya danna, ya saki. Gargadar da ke cikin kwamfuta ba ta kai wadda ke hannunsa ba. Wurin hannun mai neman aure aljihu ne.

4. Kula da fasinjan da ke bayanka

Ashe Baba ya taɓa hawa jirgi sau ɗaya, daga Jos zuwa Legas, iska ta wujijjiga su, ya dawo a bas. Babu wanda ya gaya mana. Muna waigawa muka gan shi ya damƙe hannun kujera, in jirgi ya karkata hagu shi ma ya karkata.

"Yesu! Ɗaga hancinsa, yaro, ɗaga!"

Kada ka ce masa, "Ai wasa ne, Baba." Hankalinsa zai kwanta, amma daga nan zai tambayi dalilin da ake ce maka Kyaftin.

5. Manta da maɓallin dakatarwa

Na raɗa wa Habila ya danna shi. Ya ƙi, kuma yana da gaskiya. Jirgin da ya tsaya cak a sama, dole dattijo ya tambayi abin da ya riƙe shi.

6. Sauka

Habila ya haƙura da otofailot, ya kama sanda da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya nufi Jos da zuciya ɗaya, ya sauka a gonar wani. Bai tuna ya fito da tayoyi ba.



"Mutum nawa ne a ciki?" in ji Baba.

"Cike yake, Baba."

"Sun rayu?"

"Manhajar ba ta faɗa."

Baba ya sunkuyar da kai ya yi musu addu'a, duk muka ce amin, har da Laraba daga kicin. Sannan ya goge tabarau, ya daɗe yana kallon Habila.

"Me ka ce kana koyarwa?"

"Lissafi, Baba."

"Ka riƙe shi da kyau. Turo manyanka. Amma in za ku gida ganin dangi, 'yata a mota za ta je, kuma ba kai za ka tuƙa ba."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin fashewar auren kowa, ko tashin hawan jinin suruki, ko amfanin gonar da aka sauka a kai. Wanda ya gwada waɗannan matakai a jirgin gaske kada ya ambaci sunana, in ya samu damar ambata.