Rasuwar Ethel, Tasar Kakin Gidan Tackett

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, fushi kuma ya hana ta kwanciya, iyalan Odell Tackett na Sorrel Creek suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da dukan 'yan ƙungiyar harbi ta ranar Asabar rasuwar Ethel, tasar narka kakin harsasai, wadda ta cika ranar Lahadin da ta wuce bayan an taso daga coci. Duk wanda ya leƙa rumfar aikin Kaka Odell yau zai ga mazauninta a kan kantar aiki: wani fili mai kusurwa huɗu, fari tas, a tsakiyar katakon da hayaƙi ya baƙanta. Gwaggo Lurleen, babbar 'yar gidan, ta hana a ɗora komai a wurin. Ita ce ta sa a rubuta wannan sanarwa, ta kuma ce kada a sassauta ko kalma ɗaya.

Saboda haka a sani: Ethel ba ciwo ta yi ba. Kashe ta aka yi, kuma ɗan gida ne ya kashe ta.

Marigayiyar ta fara rayuwa ne a matsayin tasar gasa burodin masara a kicin ɗin Kaka Maudie, matar Kaka Odell, Allah ya ji ƙanta. Tun Gwaggo Lurleen tana 'yar firamare uwar ta kama uban yana narka kaki da harsasan darma jere a cikinta a ɓoye. Ta bi shi da ita har bakin ƙofa, ta wurga masa, ta ce tasar da ta taɓa darma ba za ta sake ganin abincin 'ya'yanta ba. Shi kuwa ya ɗauke ta, ya kakkaɓe, ya raɗa mata sunan surukarsa, wai don duk abin da ya shiga hannunta ba ta sakinsa sai an matsa mata.

Aikinta ɗaya ne, ba ta kuma taɓa raina shi ba. Harsashin darma da aka zuba a gida yana da tsagi a ƙugu, kuma idan ba a cika tsagin da maiƙo ba, darma takan shafe cikin bututun libarba, wato ƙaramar bindiga, harbi ya riƙa yawo, mai bindiga ya wuni yana kankara yana zage-zage. Ethel ce ta tsare gidan nan daga wannan wulaƙanci. A jera mata harsasai a tsaye, a ɗora ta a kan wuta kaɗan-kaɗan, kakin zuma da kitsen barewa su narke su hau har ƙugunsu, a sauke ta ta huce. Tana hucewa tana magana, tik, tik, tik, kamar agogon da ba ya sauri. Idan kakin ya daskare sai a kife shi a turo harsasan da babban yatsa, kowanne ya fito da ɗamararsa ruwan ɗorawa, fut, ya faɗa gwangwani. Ba ta taɓa yoyo ba. Ba ta taɓa ƙona yatsan wanda ya girmama ta ba. Ta yi zaman lafiya da kowace ƙaramar bindiga a gidan, har da tsohuwar nan mai tsirfa da ba ta karɓar harsashin kanti.

Amma babban alherinta shi ne ramukan. Kowane harsashi idan ya fita yakan bar raminsa a jikin kakin, layi-layi kamar saƙar zuma. Ba a zubar da wannan kaki. A mayar da shi cikin tasar, a sa sababbin harsasai a tsofaffin ramuka, a ƙara ɗan ɓalli a sake narkawa. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har ya zama a cikin kakin nan akwai na amyar da Kaka Maudie ta kula da ita da hannunta.

Yanzu ba sauran abin ɓoyewa, don haka Gwaggo Lurleen ta yarda a faɗa. Idanun Kaka Odell sun daɗe da tafiya. Tsakiyar ganinsa ta mutu, gefe-gefe kawai ya rage. Ita kaɗai ta sani. Ita ce ta karɓi narka darma da awon albarushi daga hannunsa, ta gaya wa mutane wai ta gaji da zama 'yar kallo. Ita ke ɗora Ethel a wuta, ita ke saukewa. Abin da ya rage masa shi ne jeri da turowa, kuma waɗannan ba sa neman ido. Yatsansa ya lalubi rami, harsashi ya zauna daram. Ya cika tasar yana hira, fuskarsa na kallon baƙo, baƙon ya fita yana cewa tsohon nan har yanzu da sauransa.

Dalilin ɓoyon shi ne Baffa Coy, ƙanen Gwaggo Lurleen, wanda ya daɗe yana nacin a kai mahaifinsu gidan kula da tsofaffi da ke gari. Bara waccan, bayan doguwar rigima a teburin cin abinci, suka yanke magana: muddin tsohon yana iya aikinsa na rumfa, yana nan a gidansa, ranar da ya kasa, Lurleen ba za ta sake jayayya ba. Ta amince, don ta san Ethel na bayanta. Ashe rufin asirin mutum ɗan shekara tamanin da wani abu yana zaune ne a kan kantar rumfa, ba kulle ba mai gadi.

Ajali ya zo ne ta hanyar fenti. Tun bazara Baffa Coy ya shiga sabuwar ɗariƙa, ta masu birgima harsashi a garin launi su gasa shi a ƙaramar tanda ya fito ja ko shuɗi kamar alewar yara. Ba wanda ya hana shi. Ya cika kunnen kowa a filin harbi da cewa zamanin kaki ya wuce, aka yi haƙuri da shi kamar yadda ake haƙuri da wanda ya daina shan taba. Ranar Lahadi, sauran mutanen gida suna can suna gaisawa da fasto, ya rigaye su dawowa yana neman abin gashi, domin tirensa ya yi masa kaɗan. Ya shiga rumfar mahaifinsa. Ya ga Ethel. Ya sa wuƙar kankare fenti ya ɓamɓare kakin, ya jefa a gangar ƙona shara, ya wanke ta da fetur, ya cusa ta a tanda mai zafin da ba ta taɓa gani ba. Maƙwabcin da ke gyaran shinge ya ce ya ji kalmarta ta ƙarshe. Ƙwang, sau ɗaya. Gindinta ya bankare, kusurwa ɗaya ta tsage.

Gwaggo Lurleen ta same shi a tsakar gida da kayan cocinta a jiki, jakarta a hammata.

"Coy, mene ne wannan a hannunka?"

"Yaya, kin ga yadda ta yi fes? Kin san ashe fara ce?"

"Ina kakin?"

"Wannan dattin? Haba Yaya, har da ƙudaje matattu a ciki. Na taimaka muku ne."

"Ka taimaka mana. Kai da ko kare aka ba ka riƙo sai an je an duba shi. Tun kana yaro duk abin da ka taɓa sai an yi masa addu'a. Wa ya aike ka? Tandar gidanka ta mutu ne, ko matarka ce ta fi ni wayo ta kulle kicin?"

"To wai tasa ce fa! Tasa! Gobe in sayo muku goma."

"Sayo ɗari, Sarkin Alewa. Ka jera su a kanka, ko ruwan sama ya daina shiga."

Ba ta iya gaya masa abin da ya ƙona ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Ta tsaya tana zaginsa a kan tasa, shi yana dariya yana cewa Yaya ta tsufa, alhali abin da ke bakinta ya fi ƙarfin tasa, ba damar furtawa. Ta je bakin gangar ta tona tokar da sanda, ba ta sami komai ba sai ƙamshin zuma.

Marigayiyar ta rasu ta bar Kaka Odell, abokin aikinta. Da Gwaggo Lurleen, wadda ta yi jinyar gawar da guduma ba a dace ba. Da libarba uku da yanzu ba su san makomarsu ba. Da ludayin zuba darma, ɗan'uwanta da suka zauna kan kanta ɗaya, wanda tun ranar ba a taɓa shi ba. Da gwangwanin kofi guda cike da harsasan da ta yi wa ɗamara a makonta na ƙarshe. Ta kuma bar Baffa Coy, amma iyali sun nemi kada a lissafa shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a filin harbi na ƙungiya, bayan tudun ƙasa. Ba za a binne ta a lambu ba, domin ta sha darma, kuma Kaka Maudie ba za ta yafe a sa ta kusa da tumatir ba. Za a rataye ta a jikin tsohon itacen da ke bakin filin, inda ba harsashin da zai kai gare ta. Daga nan kowane ɗan ƙungiya zai karɓi harsashi ɗaya daga gwangwanin da ta bari, a harba tare cikin tudu. Masu harsashi mai launi su bar shi a mota, ko su tsaya bayan shinge tare da shugabansu. Akwai wake da burodin masara da kofi. Kada a kawo furanni.

Masu tambaya ko Kaka Odell zai zauna karɓar gaisuwa, amsar ita ce a'a, ga kuma dalili.

Gwaggo Lurleen ta riga ta yi shiri. Ta yi magana da mai amya a ƙetaren rafi, ta ciro kitse daga firiza, da nufin ta sami wata tasa ta jera zubin farko da hannunta a ɓoye, ramuka su dawo, tsohon ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Kwana biyu kawai take nema. Baffa Coy bai ba ta ba. Ranar Talata da la'asar ya shigo rumfar da sabuwar tasa mai sheƙi, da 'yan ƙungiya biyu da ya jawo su zama shaidar tubansa. Ko haƙurinsa ma ɓarna ne.

"Baba, na yi laifi, na sani. Ga wata. Na ma daina gardama, kaki ya fi." Ya ajiye ta a gaban tsohon, ya turo masa kwanon harsasai tsirara. "Bismillah, jera mana. Nuna wa mutanen nan yadda ake yi."

"Bar shi, Coy," in ji Gwaggo Lurleen. "Ya gaji. Ni zan jera."

"Ke kuma Yaya, tun yaushe Baba ke gajiya da wannan? Yana yi yana hira fa."

Kaka Odell ya ɗauki harsashi ɗaya. Yatsansa ya sauka a gindin tasar ya yi ta yawo a kan santsi. Ya tsayar da na farko. Ya kawo na biyu, gefen hannunsa ya ture na farkon, ya gangara har kusurwa. Ya bi shi da lalube, ya wuce shi, alhali yana nan a gabansa ƙiri-ƙiri. Dariyar Baffa Coy ta tsaya. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi yayarsa, ita kuwa ta dubi bango.

"Baba," ya ce a hankali, "yatsu nawa na ɗaga?"

Tsohon ya mayar da harsashin cikin kwano. Ya zaro makullin rumfar daga aljihun gaba ya ajiye a cikin sabuwar tasar. Ya ɗauki hularsa, ya dafa bango, ya bi shi har ƙofa, ya fita.