Korau da Talotalon Daji

Labarin Korau ne zan ba ku, maharbin Kwarin Maje, amma in kun haɗu da shi kada ku ce a bakina kuka ji.

Korau ɗan marigayi Sarkin Baka ne. Ya gaji bindiga harba-ka-ruga, ya gaji warki da layu, ya kuma gaji kan burtu, wato kan tsuntsun nan mai dogon baki da maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane su yi ta rarrafe, namun daji su ɗauka tsuntsu ne ke kiwo. Abu ɗaya ne bai gada ba: sa'a. Ga shi daji ya ƙare, duk inda ubansa ya taɓa kayar da gada yanzu gonar wake ce. Shekara uku Korau bai shigo gari da abin da ya wuce kurciya ba, ita ma kurciyar masu baki sun ce a mace ya tsince ta. Tun rasuwar uban rawanin Sarkin Baka yake ajiye, don Maigari ya ce ba zai naɗa mutumin da ko ɓeran ɗakinsa ba ya tsoronsa ba, sai ya kawo naman da za a yi labari. Maganar nan tana cin Korau a rai ƙwarai da gaske.

Wata safiya bayan an cire amfanin gona, ya ɗura wa bindiga albarushi, ya ɗaura kan burtu, ya lulluɓa, ya kama rarrafe tun daga bayan gari, yana yi yana sassarar ƙasa da bakin kamar mai neman fara. Ƙarangiya ta cika masa gwiwa, bai kula ba. Ya kai gindin wata kanya ke nan sai ga Inna Gwamma, tsohuwar da ke zaune a gidan ƙarshen gari, ɗauke da itace a ka. Ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Ina kwana, Korau. Ya gwiwa?"

Korau ya yi gum. A ƙa'idar farauta burtu ba ya amsa gaisuwa.

"Korau, da kai nake. Ya Delu da yara?"

Sai ya ƙara sunkuyar da kai, ya sari ƙasa sau biyu. Tsohuwa ta ce, "Allah ya ba da lafiya," ta yi gaba abinta.

Ba a jima ba ya hango wani abu a cikin sabara. Ƙaton tsuntsu, baƙi wuluk, ƙirji kamar tulu, ga jan nama yana reto a wuya. Korau ya ƙura masa ido. Ba wai bai san talotalo ba ne, ya sha ganinsa a kasuwar birni. Amma ya dubi gabas daji, ya dubi yamma daji, sai zuciyarsa ta ce masa, talotalon da ke daji ai talotalon daji ne. Abin nema ya samu.

Nan ya fito da duk ilimin da ya gada. Ya ɗebi ƙasa ya watsa don ya ga inda iska ta nufa, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya riƙa matsawa a hankali don kada nama ya tsorata. Shi kuwa naman, da ya hango mutum, sai ya taho da gudu, ya ɗauka dusa aka kawo masa. Da ya iso ya ga wani baƙin tsuntsu mai dogon baki a gabansa, sai ransa ya ɓaci. Ya baza jela, ya ja fukafukai a ƙasa, ya ce gulu-gulu-gulu. Korau ya rufe ido ya harba. Daram! Hayaƙi ya turnuƙe, ganyen kanya ya zubo, talotalo kuwa ko gashi ɗaya bai rasa ba, alhali tsakaninsu bai fi taku uku ba. Kafin Korau ya buɗe ido tsuntsu ya hau kansa da sara da yakushi. Aka yi ta birgima cikin ƙarangiya, wani ya hau wani ya sauka, har dai Allah ya ba Korau sa'a ya danne shi da gwiwa, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka.

Ranar Kwarin Maje ta ga shigowa. Korau ya saɓo tsuntsu a kafaɗa, fuska duk yakushi, yana yi wa kansa kirari tun daga bakin rijiya. Kafin azahar labari ya yi ƙiba: talotalon daji ne daga ƙasar duwatsu, shekara bakwai-bakwai yake ratsowa, kuma ba ya nuna kansa sai ga ɗan gado.

Delu matarsa na figar gashi sai ta ga wani jan ƙyalle ɗaure a ƙafar tsuntsun.

"Maigida, shi na dajin waye ya ɗaura masa tsumma?"

"Ke, rufa mana asiri! Laya ce. Kina tsammani haka kawai bindigar babana za ta kuskure? Sai da na karya asirinsa da hannu."

Ba a yar da komai ba. Cinya ɗaya da ƙundu aka kai wa Maigari, ɗaya cinyar ta tafi gidan Liman. Ƙirji aka yi farfesu aka raba wa 'yan majalisar da suka fi yi masa dariya, don su ci su yi shiru. Kitsen kuwa, Delu ta narkar da shi ta zuba a kwalba saboda faso. Jan naman wuyan kuma, Korau ya shanya shi, wai maganin kwarjini ne. Gashin jela ya zauna ya jera, ya ɗinke da fata, ya yi mafici na gani na faɗa ya kai wa Maigari. Ƙafar kuwa, da jan ƙyallenta, ya rataya a wuya kamar lambar yabo. Maigari ya ci cinya, ya yi fifita, ya ce a shirya naɗi ran Juma'a.

Ran Laraba ana zaune a ƙofar Maigari, Korau na ba da labarin karo na goma sha, yanzu tsuntsun har ya fara fitar da wuta ta baki, sai ga Inna Gwamma da sandarta. Kwana biyu tana neman talotalon da ɗanta direba ya kawo mata daga Jos, wanda take kiwo a bayan ɗaki kamar jariri. Ashe ranar ta ɓarakar danga ya fice ya bi sawunta. Ta gaida Maigari, ta dubi maficin da ke hannunsa, ta dubi wuyan Korau, sai ta kamo bakin zanenta ta ɗaga kaɗan. Jan zane ne, an yage masa gefe, yagar kuwa daidai da layar.

Liman ya duƙufa a kan carbi. 'Yan majalisa kowa ya tuna da farfesu ya kama kallon ƙasa. Maigari ya so ya tura mafici ƙarƙashin buzu, amma jelar talotalo ba ta ɓoyuwa. Shi kuwa Korau sai ya ji rawanin da bai riga ya hau kansa ba yana warwarewa.

"Korau," in ji Maigari da ƙaramar murya, "me ka ce?"

Korau ya miƙe ya gyara warki. "Ranka ya daɗe, ni a gidan wani na shiga? A akurki na kama shi? A tsakiyar sabara muka haɗu, shi ya fara kawo mini hari, ga shaida a fuskata. Kuma dokar farauta ce tun kaka da kakanni: duk abin da aka gani a daji na daji ne, wanda ya gan shi kuma shi ke da shi."

Maigari ya saki ajiyar zuciya, don wanda ya ci cinya ba ya son dogon bincike. "To, Inna, kin dai ji. Doka ce ta magabata, ni ma tarar da ita na yi."

"Haka dokar take, ranka ya daɗe?"

"Haka take."

"Komai girmansa?"

"Komai girmansa, Inna."

Tsohuwa ta jingine sandarta, ta ɗaure zane tamau, ta dubi Korau tun daga sama har ƙasa.

"To alhamdu lillahi. Ni ma shekaranjiya na ga wani ƙaton burtu yana rarrafe a gindin kanya. Sau biyu ina gaishe shi bai amsa ba, ka ga ba mutum ba ne. A ba ni aron wuƙa, ranka ya daɗe, cinyarka tana nan."