Babbar Rigar da Na Ɗinka wa Jirgin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, kuma ko na so in manta, abokaina ba za su bar ni ba.

Zamanin kuɗin fetur ne, ina karatun injiniya a Landan, ina zaune gidan Kawu Bala, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa da ya koma kwangila. Cina da karatuna duk a wuyansa suke, don haka burina kullum ya ga amfanina. Sai wani Bature abokin cinikinsa, Mista Harris, ya lallaɓe shi ya sayi ɗan jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda iska ke turawa da ƙyalle. Aka ajiye shi a ƙungiyar masu jirage, a bakin kogi, can gaba da unguwar Deptford.

Da aka ce za a yi tsere, Kawu ya ce, "Kai ne injiniya, duba mana shi." (Ni da iyakar ruwan da na sani kududdufin unguwarmu ne.) Na zagaya na hura hanci, na ga ƙyallenmu kamar 'yar shara a tsakanin masu babbar riga. Na ce, "Kawu, wannan ai raini ne. A ƙara tsawon sandar da ke riƙe shi, a yi odar babban ƙyalle." Mista Harris ya fara wata magana a kan wata ƙa'idar tsere wai ita handicap, na tare shi da Turancina na jami'a.

Ranar tsere Kawu ya gayyato manyan baƙi daga gida, ni kuma na kwaso ɗalibai. Mista Harris ya tuƙa, muna bakin kogi. Jirginmu ne ya fara isowa, da rata mai yawa! Na yi ihu har hulata ta faɗi. Muna shiga zauren ƙungiya, tun sakatare bai buɗe baki ba, na gyara riga na isa gaba na rungumi kofin gasar.

Sakataren ya yi gyaran murya ya bayyana cewa ba isowa kaɗai ake dubawa ba. Girman ƙyallenka ake aunawa, mai babban ƙyalle a ɗora masa ƙarin mintuna a kan lokacin da ya yi don a yi adalci. Da aka gama lissafi, mu ne kusa da na ƙarshe. Wata tsohuwa mai ɗan ƙaramin jirgi ce ta ci. Ga ni tsaye da kofinta a ƙirji, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Sai na ji dariyar Kawu. Ya juya ga baƙinsa ya ce, "Ashe su ma sun san awo. Ai ba a sayen gyaɗa da nauyin buhu." Sannan ya dube ni: "Ɗana, tunda ka ɗauko, miƙa wa mai shi hannu bibbiyu." Na rusuna na miƙa. Tsohuwar ta ɗauka al'adarmu ce, aka ɓarke da tafi.

Da aka tashi sayar da jirgin, masu saye suka yi ta kushe shi: ƙyallen ya fi ƙarfin mai yawo da iyali, a tsere kuma hukunci yake jawowa. Da faɗuwa aka rabu da shi. Na yi ta jiran ranar da Kawu zai yi mini gori, har Allah Ya karɓi ransa bai tayar da zancen ba. Allah Ya jiƙansa, ya rufa mini asirin da ni na tona da hannuna.

Tun daga nan, ko a walima aka ajiye mini faranti a gaba, sai na ji sunana kafin in miƙa hannu.