Yadda Za Ka Tauye Abokin Wasanka a Ƙwallon Kwando Yana Yi Maka Godiya

Ka saurara, ba na maimaita magana. Sunana Mijinyawa. Shekara goma sha tara makullin filin ƙwallon kwando na unguwarmu a Kafanchan yana aljihuna. Ban taɓa jefa ƙwallo ba, amma babu wanda ya jefa a filin nan ban gani ba. Samari suna ta musu a teburin mai shayi, wai ko ɗan wasa zai iya hana ɗan'uwansa ci gaba alhali riga iri ɗaya suke sawa. Zai iya. A gabana aka yi. Ka bi matakan nan bakwai. In abokin wasanka ya ƙaru da ko taku ɗaya, ka zo ka ƙaryata ni a gaban jama'a.

Wanda ya yi aikin sunansa Gershon, kyaftin ɗin ƙungiyarmu, ɗan acaɓa, gajere, mai saurin tsiya. Sau ɗaya a shekara wata koci mai horar da 'yan wasa, Madam Scholastica, takan zo daga Kaduna ta ɗauki mutum ɗaya tak zuwa kulob ɗinta, inda akwai abinci da makwanci da makaranta. Ba ta ɗaukar wanda ya kai ashirin. Gershon yana da sha tara. Sau biyu ta ce masa ya ƙara ƙoƙari. Zuwa ɗaya ya rage masa.

Mataki na 1: Ka gane shi tun ranar farko

Mai surutu ba abin tsoro ba ne. Mai sabon takalmi ma haka. Ka duba wanda aka yi wa dariya yau, gobe ya riga kowa zuwa.

Francis daga Madakiya ya zo, sa'an Gershon, dogo har sai ya sunkuya a ƙofar fili. Hannuwansa na masu tada kunyar doya ne. Ranar farko ƙwallo ta buge shi a hanci. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Washegari na tarar da shi a bakin ƙofa yana jiran in buɗe. Gershon ya tsaya ya dubi wannan tsawon, ya tuna wurin mutum ɗaya ne a motar Madam. Daga ranar shayinsa ya daina daɗi.

Mataki na 2: Kada ka zage shi, ka yabe shi

Wawaye ne ke zagi. Wanda ka zaga zai je gida ya yi zuciya ya dawo ya fi ka. Yabo ne ke kwantar da mutum.

Ka nemo inda yake da rauni, ka yi wa wurin shinge da daɗin baki. Hannun hagun Francis kamar na aro yake. Da ya fara matsa wa kansa buga ƙwallo da shi, Gershon ya dafa shi.

"Dogo, me kake yi haka?"

"Oga Kyaftin, na ga kai kana yi da hannu biyu."

"Ni gajere ne, dole ce ta sa ni. Kai wannan dama taka baiwa ce. Kar ka raina abin da Ubangiji ya ba ka kana neman wani."

Francis ya dubi hannunsa na dama kamar yau aka kawo masa shi. Bai sake wahalar da hagu ba.

Mataki na 3: Ka bar masa wuri mai inuwa

Kwando biyu ne a filinmu. Na yamma yana cikin rana, tsawonsa daidai. Na gabas yana ƙarƙashin mangwaro, kuma tun wata damina ƙarfensa ya nutse cikin ƙasa da yatsa huɗu. Na auna. Gershon ma ya sani, don shi ya riƙe mini tsani. Sauran babu wanda ya tambaye ni, ni kuma ba na rabon labari kyauta.

To ka yi halin girma. Ka ce, "Baƙo ne, a bar masa inuwa, mu mun saba da rana." Za a ce kyaftin mutumin kirki ne. Shi kuwa zai yi wata goma sha ɗaya yana koya wa hannunsa nisan da babu shi a kowane fili a duniya. Duk jifar da ta shiga, ka tafa masa. Tafi ba ya cin mai.

Mataki na 4: Ka ba shi ƙwallo, amma a ƙwauri

Masu ƙaramin tunani sukan hana fas gaba ɗaya. Kuskure ne, 'yan kallo suna da ido. Ka ba shi, ka yawaita ma. Dogon mutum a sama yake son ƙwallo, kai ka aika ta ƙasa da gwiwa. Kafin ya naɗe wannan jikin ya kai ƙasa, an ɗauke.

Sannan ka riga kowa magana. "Ba komai, Dogo, za ka koya." Ka faɗa da ƙarfi, yadda na kan benci za su ji. Bayan wata uku shi da kansa zai riƙa ɗaga hannu yana ba da haƙuri tun ƙwallo ba ta iso ba.

Mataki na 5: Ka zama kai ne abin hawansa

Wannan shi ne babba. Ranar Asabar wani malamin motsa jiki yakan zo ƙarfe shida na safe ya koyar da abin da ake kira wasa na gaske: gudu, tsayuwar ƙafa, hannu biyu. Ƙarfe bakwai da rabi yake tafiya, sai a raba ƙungiya a yi ta guje-guje. Francis da ƙafa yake tahowa, kuma yana isowa kan lokaci. Gershon ya ce wannan zalunci ne, shi zai riƙa ɗauko shi a babur.

Ka je da wuri, kar a ce ka yi lalaci. Sai dai hanya tana da abubuwa. Akwai mai ƙosai a mararraba, ka saya masa, mutum ba ya wasa da yunwa. Akwai taya da ke son iska. Akwai tsohuwa da buhun citta da ba za a wuce ta ba. Ka iso daidai lokacin da malam yake naɗe igiyar usur ɗinsa. Kai ba ka yi asara ba, ka san darasin tun shekara huɗu. Shi kuwa ya ƙoshi.

Mataki na 6: In zuciyarka ta motsa, ka zaunar da ita

Za ta motsa. Ta Gershon ta motsa wata Lahadi bayan sujada a coci, da Francis ya zo fili da doya shida a ɗaure a kai.

"Mama ta ce in kawo maka. Ta ce ko ɗan'uwa na ciki ɗaya ba zai yi mini abin da kake yi ba."

"Haba, Dogo, da ba ta wahalar da kanta ba."

"Ta sa sunanka a addu'a ma, a taron zumuntar mata."

Ka karɓi doya. Mayarwa zai jawo tambaya. Gershon ya karɓa, ya ɗaure a bayan babur, ya daɗe yana jan igiyar da ta riga ta ɗauru. Addu'ar ce ta tsaya masa. Yana iya haɗiye doya, amma mata arba'in suna kiran sunansa gaban Allah, wannan ya yi masa nauyi. Da Francis ya tafi, ya zo ya zauna kusa da ni.

"Baba, kwandon nan na gabas."

"Me ya same shi?"

Ya dubi kwandon, ya dubi hanyar Kaduna.

"Ba komai. Ragarsa ce ta tsufa."

Haka ake so. Sati uku ya rage Madam ta zo, ba lokacin zama mutumin kirki ba ne.

Mataki na 7: Ranar zaɓe, ka yi wasanka ka bar aikinka ya yi magana

Madam Scholastica ta iso da hantsi, ta gaishe ni yadda ya kamata, ta zaro awo daga jaka. Ta auna kwandon gabas, ta ce yau a na yamma kaɗai za a yi.

Francis ya yi jifa tara. Duk tara suka bugi bakin ƙarfe suka dawo. Ta sa a tare masa dama, ƙwallo ta gudu daga hagunsa ta shige ƙarƙashin motarta. Gershon kuwa ya tashi kamar an kunna shi. Ya zura goma sha biyu, ya ƙwace biyar. Ni kaina na gyara zama.

Da aka tashi ta kira Francis. Gershon yana gefe yana shan ruwa, kunnensa a wajensu.

"Kai, wata nawa kana wasa?"

"Sha ɗaya, Madam."

"Sha ɗaya da wannan jikin, kuma haka kake? Wa ke koya maka?"

Fuskar Francis ta washe. "Kyaftin ne, Madam. Komai shi ne. Shi ya bar mini kwandon inuwa ni kaɗai. Shi ya ce in riƙe dama in bar hagu. Duk Asabar shi ke kawo ni, har ƙosai yake saya mini, shi ya sa ma ba ma samun darasin malam. Ni ne dai kaina ba ya ɗauka."

Madam ta rufe littafinta. Ta daɗe tana kallon Gershon, shi kuma yana kallon cikin gorar ruwa.

"Francis, da bara na same ka, da na tafi da kai. Yanzu kwance abin da aka ɗaura maka zai ci shekara biyu, kai kuma ba ka da su." Ta juya. "Kyaftin, ka iya wasa. Amma ina da dogaye huɗu a Kaduna, kuma ina son su ci gaba."

Ta shiga mota ita kaɗai.

Ka lura, dabara ta yi aiki. Francis bai ci gaba ba, kuma ba a ɗauke shi ba. Abin da ban samo wa magani ba shi ne bakin mai godiya. Maƙiyi kana iya yi masa barazana ya yi shiru. Wanda yake ƙaunarka sai ya faɗi alherinka duka, ɗaya bayan ɗaya, ga duk wanda ya tambaya.

Fili ya watse. Gershon ya hau babur, ya yi ta buga kik bai tashi ba, don bai kunna makulli ba. Francis ya zo ya tsaya a kansa.

"Oga Kyaftin, ka yafe mini. Ni na ja maka. Ta ga ɗalibinka bai iya ba, shi ya sa."

"Hau mu tafi."

"Duk wahalar da ka sha a kaina."

"Dogo, don Allah hau."

Ya hau. Ina jin muryarsa har suka sha kwana, yana ba shi haƙuri. Daga nan zuwa Madakiya akwai tafiya.

Gargaɗi

Abin da na gani na faɗa, ban aike ka ba. In ka bi matakan nan wurin ya kuɓuce muku ku biyu, kar ka zo ƙofata. In shekarunka suka wuce kana kan babur, tsakaninka da babur. In kana jin muryar wani a bayanka yana neman gafararka a kan laifin da kai ka yi, ba ni da maganin wannan, asibiti ma ba su da shi. Ranar da ya gane kuwa, kuma zai gane, ku yi ta a wajen fili, ni ban san ka ba. Ka ce ni na rubuta maka, ka ga wanda zai yarda. Kowa a garin nan ya san a aji uku na tsaya.