Yadda Kwamfuta Ta Yi Mini Rajistar Awon Ciki

Ranar da aka kawo kwamfutar hannu ƙaramin asibitinmu a bayan Kafanchan, ni na fara karɓa. Sista Rifkatu, abokiyar aikina, ta ce, "Oga, bari in nuna maka." Na ce mata shekara ashirin ina rajistar masu ciki, ba allon gilashi ne zai koya mini aiki ba.

Na shigar da sunan wata Talatu daga Kagoro. Da allon ya nemi lambar waya, na ɗauka ta ma'aikaci yake nufi, na zuba tawa da gadara.

Ran Lahadi muna taron dattawan coci, wayata ta yi ƙara. Saboda kunnena ya fara nauyi, na sa ta a sifika. Wata murya mai daɗi, da Hausa tsaf, ta ce, "Sannu Mama. Cikinki ya shiga wata bakwai. Kada ki manta awo ran Talata."

Wallahi kafin kunya ta kama ni, mamaki ne ya fara. Na'ura ta ƙirga watanni, ta san rana, har da gaisuwa!

Fasto ya cire tabarau ya ce, "Dattijo, ashe zamanin mu'ujiza bai wuce ba."

Washegari na hau babur har Kagoro na isar wa Talatu saƙonta. Yanzu dai ta daɗe da haihuwa lafiya. Ni kuwa har yau in na shiga coci, matan zumunta sai su miƙo kujera: "Baba, zauna, kada ka wahalar da jaririn."