Yadda Na Dafa Wa Kakata Lambu

Ba zan taɓa mantawa da hutun sanyin bara ba, ko da zan so in manta ma mutanen Jibiya ba za su bar ni ba.

A makarantarmu a Katsina na ga hoto cikin wani littafin Turawa: akwati a ƙasa, murfinsa gilashi, ganye a ciki shar. Malam ya ce haka suke kare shuka daga sanyi a Ingila. Na dawo gida da hoton nan a kai, sai na tarar ana gyaran ofishin kwastan, an jingine tsofaffin tagogin gilashi a bayan gini. Kawuna masinja ne a wurin. Na bi shi da magiya har ya roƙo mini biyu don in rabu da shi.

To, kakata Iya tana da irin tumatir da wata ƙawarta ta kawo mata daga Maraɗi, ta yafa shi a bayan gida, ya tsiro gwanin kyau, tana jiran ya isa dashe ta kai fadama. Tana ji da shi fiye da jikokinta (ni dai na tabbata fiye da ni). Ita karan dawa take rufa masa. Na ce mata wannan aikin mutanen da ne.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanata, "in ka kashe mini iri, sai ka sake ni."

Na kwaso ragowar tubalin katanga, na kewaye irin, na kifa tagogin. Na kwaɓa laka na toshe kowace kafa, ko numfashin sauro ba zai shiga ba. Sannan na zaga gari ina shela. Na faɗa wa masu jakai, na faɗa wa 'yan kwastan, har fataken ƙasar Faransa, wato na tsallaken iyaka wajen Maraɗi, na tare na ce su zo gobe bayan azahar su ga noman Ingila.

Abin da littafin bai faɗa ba shi ne, sanyin Jibiya da hantsi yake sallama. Rana ta kwaɗe gilashin nan tun safe.

Jama'a suka taru (a idona sun kai rabin lardi). Na ga gilashin ya yi gumi, na ce musu alamar lafiya ke nan. Na yi gyaran murya, na ɗaga taga.

Tururi ya bugi fuskata. Wani ƙamshi ya tashi, irin na ganyen da aka sauke daga murhu. Irin Iya duk ya kwanta lakwas, ko ɗaya bai ɗaga kai ya gaishe ni ba.

Iya ta leƙa, ta sa yatsa ta taɓa, ta juya wajen mutane.

"Ku yi mini barka, na auri kuku! Maigida, miya ta nuna, ina gishirin?"

Wani bafatake ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Kafin magariba sunana ya tsallaka iyaka ba tare da an biya masa kwastan ba: Mai Miya.

Sauran hutun a fadama na ƙare shi, ina jan ruwa ina yi wa Iya sabon yafi. Akwatin kuwa ta ƙwace, tana busar da kuɓewa a ciki, wai ba ta taɓa samun abin shanya kamarsa ba.

Yanzu in na ga hoto a littafi, sai na fara leƙa sama na duba ko ranarsu irin tamu ce.